Sarkin Noma a Ƙarƙashin Gado

"Kada kowa ya taɓa komai," in ji Zubairu, ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Sannan ya danna maɓallin.

Tsohuwar kwamfutar ta yi tari, ta yi gurnani, fankar cikinta ta feso ƙurar shekara ashirin a fuskar Ummul-Khairi. Ta ja da baya tana atishawa. Daga kan gado Baba Munkaila ya ɗago kai daga matashi, ya juyo da kunnensa, don idanun sun daɗe da yi masa sallama.

"Ta yi ƙara ɗaya ko biyu?"

"Ɗaya, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ɗaya lafiya ce. Zura faifan farko, mai jan tambari. Kada ka matsa mata, ba ta son gaggawa."

Zubairu mai gyaran wayoyi ne a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, mutumin Gusau. Kwana huɗu ya yi yana bin shagunan tarkace kafin ya samo akwatin wutar da ya dace da wannan gyatuma, kuma ya rantse mai shagon har dariya ya yi masa. Ummul-Khairi kuwa ɗalibar digiri na biyu ce a Giza, ƙofar shaƙƙarta, wato gidan hayarta, na kallon ta Baba a hawa na uku, a wani lungu na Hadayek el-Maadi. Shekara shida a Alƙahira sun juya mata harshe. Ko mahaifiyarta ce ta kira daga Zariya, "aywa" take amsawa maimakon "i", shi ya sa tsohon ya laƙaba mata Malama Aywa.

Labarin kwamfutar kowa a benen ya san shi, har bawwabi mai gadin ƙofa. Baba Munkaila ɗan Dogon Dutse ne, a ƙasar Nijar. Karatun addini ya kawo shi, amma neman abinci ya kai shi wata cibiyar binciken noma a Giza, yana yi musu fassara daga Faransanci. A nan ya ga injiniyoyi suna zaunar da ƙwararren masani, su tatse abin da ke kansa, su mayar da shi ƙa'idoji a cikin kwamfuta: idan ka ga kaza da kaza, to ciwon kaza ne. Sun yi wa kokwamba, sun yi wa lemo. Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai, ya ce to gero fa, laifin me ya yi?

Ya sayi kwamfuta ta hannu, ya koyi aikin a tsaye bayan kujerun mutane. Damina uku yana komawa gida da rakoda, yana zama gindin bishiya da tsofaffin manoma, ciki har da mahaifinsa. Ya fito da ƙa'ida ɗari huɗu da goma sha biyu, duk da Hausa, ya sa wa abin suna Sarkin Noma. Da ya kai wani ofishi a can gida, aka yaba, aka ba shi shayi, aka ce ƙauyen da babu lantarki wa zai kunna masa kwamfuta. Sarkin Noma ya koma ƙarƙashin gado.

Yanzu ga shi a ƙarshen watan Agusta na 2014, ƙodar Baba ta gaza, likita ya ce a kai shi gida a ba shi abin da ransa ke so. Abin da ransa ke so ɗaya ne. Ɗan ƙaninsa Lawali ya zama malamin gona, yana yawo ƙauyuka da kwamfutar cinya a bayan babur, kuma ya roƙi a aiko masa da Sarkin Noma. Tsohon ya gindaya sharaɗi: sai ya ji da kunnensa cewa abin na nan da hankalinsa. Tsofaffin da suka ba shi ilimin duk sun rasu, kaset-kaset ɗin da ya naɗa sun lalace. In faifan nan biyu sun ruɓe, shi ke nan.

Koren rubutu ya bayyana a baƙin allo. Ummul-Khairi ta karanta da ƙarfi: "Sallama, manomi. Me ya sami gonarka?"

Inna Mahasin, matar Baba, Bahaushiyar Sudan, ta saki ludayin da ke hannunta ta rangaɗa guɗa daga ƙofar kicin. Zubairu ya duba agogo, ya ce shago na jiransa, zai dawo da la'asar. Ya bar Ummul-Khairi a kan kujera.

"Yalla, Baba, me zan yi?"

"Zai yi ta tambaya, ke ki karanto mini. In na amsa, ki danna harafin farko na amsar, khalas. Gonar mahaifina za mu ba shi, ta shekarar da muka sha wuya."

Allon bai nuna wani bayani ba sai tambaya da alamarta tana ƙiftawa. A zamanin da aka rubuta shi, cikin kwamfuta bai fi cikin cokali ba, kowane harafi sai an yi masa lissafin wuri.

"Ganyen geron ya yi rawaya?"

"I."

"Aywa," in ji ta, ta danna.

"Akwai tsutsa a cikin kara?"

"A'a."

Ta danna. "Geron ya tsumbure?"

"I."

"Aywa. Akwai ciyawa mai jan fure a gindinsa?"

"I, kamar an shimfiɗa darduma."

"Aywa."

Haka suka yi ta yi har tambaya goma sha ɗaya. Kwamfutar ta yi ɗan nishi, amsa ta fito. Ummul-Khairi ta karanta da murna, don ita ba ta san gero ba sai a fura: "Gonarka lafiya lau take. Babu ciwo. Ka yi barcinka."

Murmushin tsohon ya tafi a hankali.

"Sake karantawa."

Ta sake.

"Ƙuduji ne," ya ce. "Wuta-wuta. Ko jaki ya shiga gonar nan ya san ƙuduji ne. Buhu biyu muka samu a inda ake samun ashirin. Mu sake wata."

Suka ba shi gonar da fari suka cinye, ya ce lafiya lau. Suka ba shi wadda ruwa ya kwanta a ciki har saiwa ta ruɓe, ya ce lafiya lau, a yi barci. Ana cikin ta huɗu wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba yi a bazarar nan sau uku a yini. Fanka ta tsaya, zafi ya sauko, daga ƙasa mai tallan tukunyar gas yana ta ƙwanƙwasa ƙarfensa.

Baba Munkaila ya juya fuskarsa bango.

"Ya ruɓe," ya ce. "'Yata, in Zubairu ya dawo ki ce ya karya faifan. Kada ya kai wa Lawali."

"Haba Baba, ma'alish, wataƙila gyara kaɗan..."

"Da wane ido zan gyara? Mutum ya zo da gonarsa tana ci da wuta, a ce masa ya je ya yi barci, da sunan mahaifina? Gara a ce ban yi komai ba a duniya."

Ummul-Khairi ta ji abin har cikin ƙashinta. Mutumin nan shi ya raka ta ofishin iƙama, takardar izinin zama, sau biyar lokacin da take sabuwar zuwa, shi ya koya mata yadda ake faɗa da direban tasi ba tare da an zage shi ba. Bai taɓa neman komai a wurinta ba sai wannan, ga shi da bakinta ta karanta masa cewa aikin rayuwarsa ya haukace. Ta fita baranda ta yi kukanta a ɓoye, tsakanin shanyar Inna Mahasin.

Wuta ta dawo bayan azahar. Tsohon ya ƙi shan kunu, ya ƙi magana. Inna Mahasin ta ajiye kwanon, ta tsaya a kan Ummul-Khairi da hannu a ƙugu.

"Ya bitti, 'yata, tashi ki sake kunna abin nan."

"Inna, ya ce a bari."

"Shekara talatin yana cewa a bari, ina yi. Kunna."

Ta kunna, faifai mai jan tambari, sannan mai shuɗi. Inna Mahasin ba ta karanta boko, ko sunanta ba za ta gane a allon ba. Ta jawo kujera ta zauna dab, idonta a kan hannun yarinyar.

"Malam, amsa mata, don Allah. Sau ɗaya."

Daga bango murya ta fito a gajiye. "Ganye ya yi rawaya. I."

"Aywa," in ji Ummul-Khairi, ta danna.

"Tsutsa, a'a."

Ta danna.

"Tsaya!" Inna Mahasin ta cafke wuyan hannunta. "Ke yatsa ɗaya gare ki? Tun ɗazu wuri ɗaya kike duka. Ni na shekara biyar ina kawo wa mutumin nan shayi a gaban akwatin nan. Hannu biyu yake yi, wannan ya taɓa hagu, wannan ya taɓa dama, kamar mai kiɗan kalangu."

Ummul-Khairi ta dubi yatsanta. Yana kan harafin A. Ta dubi ɓangaren dama, ga harafin I can, ya goge har ya yi sheƙi saboda tsohon dannawa, yau kuwa ƙurarsa ko motsi ba ta yi ba. A'a, ta danna A. Aywa, ta danna A. Tun safe duk abin da aka tambaya cewa take babu, babu, babu, ina laifin Sarkin Noma in ya ce a je a yi barci?

"Innalillahi," ta ce, ta rufe baki. "Baba, ni ce. Aywa nake danna masa."

Gadon ya fara girgiza. Suka tsorata, suka ɗauka numfashi ne ya sarƙe, ashe dariya ce. Ya yi ta har hawaye suka gangaro cikin kunnuwansa.

"Malama Aywa! Kin zo da Larabcin cikin jirgin metro gonar Dogon Dutse! Shi Bahaushe ne, bai taɓa fita ko ƙofar shaƙƙa ba. Ku tayar da ni zaune."

Suka jingina shi da matasai uku. Wannan karon in ya ce i, sai ta cije leɓe ta kai hannun dama. Tambayoyin ma suka sauya hanya, kowace amsa tana jawo wadda ta dace da ita, kamar hira da dattijon da ya san abin da yake nema. A ta bakwai kwamfutar ta yi nishinta.

"Ƙuduji ne," Ummul-Khairi ta karanta. "Tabbas, kashi casa'in cikin ɗari. Ka tuge ta kafin ta zubar da iri, ka ƙone. Ka zuba taki. Baɗi ka shuka wake a wurin."

"Kalmomin mahaifina ne," in ji tsohon. "Haka ya faɗa mini, a gindin gawo. Wallahi haka ya faɗa."

Da Zubairu ya dawo ya tarar ana gona ta tara, kunun ya ƙare, Inna Mahasin tana gadin hannun dama. Ya kwafe faifan biyu, ya haɗa da wata manhaja da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi kamar tsohuwa, ya aika wa Lawali. Ummul-Khairi ta sa ya ƙara layi ɗaya a saman saƙon: I na nufin i, A na nufin a'a.

Ranar Alhamis da hantsi saƙon murya ya shigo wayarta. Ta ƙetara da gudu ba ko takalmi, ta kara wayar a kunnen Baba. Iska na kaɗawa a cikin saƙon, ana jin akuya.

"Baba, Lawali ne. Ina gonar wani dattijo, zangarniyarsa na ɗigar da abu mai danƙo kamar zuma. Sarkin Noma ya ce domana ce, a yanke waɗanda suka kamu, kada a ɗebi iri a ciki. Dattijon ya ce wane ne a cikin akwatin nan, don maganarsa irin ta mutanen da ce. Mutum goma sha huɗu ke layi yanzu, Baba."

Sau uku aka maimaita masa. Hannunsa na ta motsi a kan bargo, hagu, dama.

Ya cika bayan sallar la'asar, kansa a cinyar Inna Mahasin, kalmar shahada a bakinsa. 'Yan Nijar da 'yan Najeriya suka cika benen har titi, bawwabi ya fito da kujerunsa duka.

Washegari da aka dawo daga maƙabarta, Ummul-Khairi ta shiga ɗakin ɗauko tabarmi, ta ga ashe ba wanda ya kashe kwamfutar tun gwajin ƙarshe da ya sa aka yi masa. Wutar ma, abin mamaki, ba ta ɗauke ba. Inna Mahasin ta shigo bayanta, ta tsaya tana kallon koren layin.

"Me yake cewa?"

"Yana tambaya ne, Inna. Wai akwai sauran abin da ke damunka?"

Tsohuwar ta goge hannunta a gefen mayafi. Ta miƙa yatsan hagu, ta nemo harafin a'a da kanta, ta danna. Layi ɗaya ya fito, Ummul-Khairi ta karanta mata a hankali: "To, Allah ya ba da damina mai albarka."

Fankar ta ci gaba da juyawa, tana kaɗa gefen zanen gadon da aka riga aka ninke.