Sabon Siminti a Kabarin Kaka

Shekwolo ne a gaba, alƙali da lauyoyi biyu na biye da shi, suna ratsa kunyoyin doya a bayan Maitumbi. Tun daga nesa ana hango jan fentin hukumar tsara gari a bangon gidansu. A sabuwar taswira, wurin tashar mota ne. Hukuma ta ce su baƙi ne, kwanan nan suka tare a filin gwamnati, shi ya sa Shekwolo ya kai ƙara.

Ba su da takardar fili. Hujjarsu ɗaya ce: kabarin kakansa a bayan rumbu, tulin ƙasa da duwatsun da suka daɗe da nutsewa. Lauyansa ya ce idan alƙali ya gani da idonsa, magana ta ƙare.

Rabon Shekwolo da gida tun Lahadi, don a Sabon Gari yake kwana, wurin aikin walda. Da suka zagaya rumbun sai ya tsaya cik.

Babu tuli, babu duwatsu. Dakali ne na siminti a shafe sumul, da gicciye mai shuɗin fenti. Mahaifiyarsa Magdalene na tsaye a gefe cikin zanen zumuntar matan coci, tana murmushi.

"Mama, me kika yi?"

"Ba kai ka ce babban mutum zai zo ganin kakanka ba? Sai in bar shi cikin ciyawa kamar ba shi da kowa? Akuyata na sayar."

"Duwatsun fa?"

"Magini ya farfasa, ya haɗa a ciki."

Lauyan hukuma ya durƙusa, ya danna babban yatsa a simintin. Yatsan ya shiga.

"Ranka ya daɗe, ga tsohon kabarin. Bai ma bushe ba."

Alƙali bai yi dariya ba. Ya ce abin da ya gani ba hujja ba ne. Hanya ɗaya ta rage: idan iyali sun yarda, a tone, likita ya duba daɗewar ƙasusuwan. In ba haka ba, zai yanke hukunci a kan abin da ke gabansa.

Magdalene ba ta jin Turanci sosai, sai da ɗanta ya fassara mata. Murmushin ya gushe.

"Mutumin da ya karɓe ni a gidan nan ina amarya? Ba a tayar da wanda ya kwanta, Shekwolo."

"Mama, in ban tone shi ba, katafila ce za ta tone shi. Ita ba za ta san inda kansa yake ba."

Ya shiga ɗaki ya fito da diga. Kafin ya iso, tsohuwar ta gyara zanenta ta zauna a kan ɗanyen simintin, ta miƙe ƙafafu.

Alƙali ya duba agogo. Shekwolo na tsaye da diga a hannu, simintin kuma yana bushewa.