Hajiyar da Aka Manta a Gidan Mai

"Jaka fa, Malam. Jakar kaya ka ji a bayanka, ka ce ni ce."

"Ai jinginowa ta yi, Hajiya, kamar yadda kike yi in gyangyaɗi ya ɗauke ki."

"Na tsufa a gidanka, ba ka iya bambance ni da jaka ba. Yau zan nemi motar gida. Kai da ita ku ƙarasa tekun."

Hajiya na zaune a bakin gadon masauki tana cusa zannuwanta a leda. Malam yana kan kujera, ƙafafunsa biyu cikin roba ta ruwan ɗumi, sun kumbura suntum.

Tsohon bakanike ne, Rediyo ake ce masa a unguwa in ya ba da baya, don in ya buɗe baki ba ya bukatar mai amsawa. Da ya sakar wa yara gareji sai ya sayo wani ƙaton babur, wai zai kai Hajiya ta ga teku, alkawarin da ya yi mata tun tana amarya. 'Ya'ya suka hana, surukai suka yi ta salati. Hajiya ta kifa hular kwano a kan ɗankwalinta ta haye. Suka tsallake iyaka, suka faɗa ƙasar da ko "sannu" ba a ji, layin wayarsu ma ya ɗauke. Tafiya dai ta yi daɗi, har jiya da hantsi da suka tsaya shan mai. Hajiya ta zaga bayi, ta fito, ba Malam ba babur.

Gaskiyar magana, wadda ba za ta faɗa masa ba, Hajiya ba ta sha wata wahala ba. Mai gidan man wata ƙatuwar mata ce mai haƙorin gwal. Hajiya ta shafa haɓa ta nuna gemu, ta kama iska kamar kan babur, ta haɗa yatsu tana buɗewa tana rufewa kamar baki. Matar ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ta nuna nata tsohon mijin da ke sharar barci a gindin bishiya, ta taɓe baki. Shi ke nan, aka dafa shayi, aka baje tabarma. Wannan na yi da yarenta, waccan na yi da nata, kuma babu mijin da bai sha suka ba. Da la'asar ta yi Malam bai dawo ba, Hajiya ta nuna hoton masaukin da 'yarsu ta kama musu, matar ta tsayar da motar kaji, aka sa ta a gaba kusa da direba.

"Kai kuma bakanike guda," in ji Hajiya, "ba ka ji babur ya yi sauƙi ba?"

"Na ji mana. Na ɗauka man ƙasar nan ne mai kyau. Har na gaya miki."

"Ka gaya wa jaka."

"To ai ke ma ba amsawa kike ba. Yaushe rabon da in yi magana ki ce uffan? Shirun iri ɗaya ne."

Maganar kuwa da ƙamshin gaskiya, Hajiya ma ta sani. Tun haihuwarta ta fari ta gano cewa in ta amsa, zancen ninkuwa yake.

Malam ya ga ƙofa, ya shiga ba da labarin wahalarsa. Da ya waiwaya ya ga wayam, ya juyo a guje, sai ga shataletale mai hanyoyi kamar yatsu, allunan duk rubutun da bai iya karantawa ba. Ya ɗauki wata hanyar daban. Duk gidan man da ya tsaya sai ya zana siffar mace a iska da hannu biyu.

"Wace irin siffa ka zana min a gaban mutane?"

"Mai mutunci. Wani ya biyo ni da tsintsiya. Wani dattijo kuma ya shiga gida ya fito min da ƙanwarsa."

Hajiya ta kau da kai tana cizon leɓe. "Kyakkyawa ce?"

"Ban duba ba. Daga nan taya ta sace, na yi ta turi a rana. Motoci na wucewa babu mai imani. Wata ta kaji ma har rage gudu ta yi, ta wuce."

"Na gan ka."

Malam ya fiddo ƙafa ɗaya daga ruwa. "Kina ciki?"

"Har na ɗaga hannu zan taɓa direba, sai na ga tafiyar za ta yi wa tumbinka amfani."

Ya mayar da ƙafar cikin ruwa a hankali.

"Ba turin ne ya dame ni ba," ya ce can. "Asarar maganar ce. Hanya ta miƙe, iska na kaɗawa, ga duwatsu shuɗaye can nesa, sai na ji bakina ya saki. Na gaya miki abubuwan da ban taɓa faɗa ba tun da aka kawo ki. Da na ji kin ƙara jinginowa, na ce to, ta ji."

Hannun Hajiya ya tsaya a kan leda. A iya zamansu ta ji tarihin kowane injin da ya taɓa kwancewa, ta ji laifin kowane maƙwabci, amma wannan fannin ba ta san Rediyo na kama shi ba.

"Kamar me?"

"Abubuwa dai."

"Faɗi ɗaya."

Malam ya dubi silin, ya dubi robar ruwa, kunnuwansa suka yi zafi. "Haba Hajiya. Kina kallona? Da girmana?"

"Wato jaka ta ji, ni ba zan ji ba."

"Ba ya faɗuwa ido da ido. Sai in na ba ki baya, ga ƙarar inji."

Hajiya ta dube shi, ta dubi ledar. Motar gida tana nan kullum, ba inda za ta. Ta zazzage zannuwan a kan gado, ta miƙe ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗauki hular kwanonta.

"An yi facin tayar?"

"Tun da safe."

"To goge ƙafarka ka fito. Daga farko za ka ɗauko, kuma kada ka tsallake ko ɗaya, zan gane. Jakar nan kuwa a gaba za ka ɗaure ta, inda zan riƙa ganinta."

Ta fice, ta bugo ƙofar da ƙarfi har makullin ya faɗo ƙasa.