Zarton Gusau a Bakin Abhur

Sifana biyu. Burushin waya. Tsumma. Gurasar tamis da Zubaidatu ta naɗe a jarida. Iƙama, takardar izinin zama, mai sauran kwana goma sha ɗaya. Sai gutsuren zarton ƙarfe, bai kai tsawon yatsa ba, a cikin gwangwanin alawa.

Abin da Musbahu ke riƙe da shi ke nan a cinya lokacin da motar Kawu Lado ta miƙi titin Madina, ta bar Nuzla a baya, ta nufi Abhur, bakin tekun Jidda. Shekara tara Musbahu yana gyaran babura da janareto a wani gareji a Kurayyat. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zama, ya tsufa, ya rufe garejin. In ba a sami wanda zai karɓi kafalarsa ba kafin iƙama ta mutu, sai jirgi. Matarsa Zubaidatu ba ta tsaya jira ba: ta ɗaure tukwane a buhu, ta jera akwatuna bayan ƙofa.

Lado kawun Zubaidatu ne, kuma direban wani Abdulghaffar mai ba da hayar baburan ruwa, waɗanda mutanen Jidda ke kira dabbab. Shi ya samo wannan gwajin.

"Abu ɗaya zan gaya maka," in ji Lado. "Kada ka taɓa masa bakin fulogi."

"To me zan taɓa, Kawu? Gemunsa?"

"Taɓa gemun ya fi sauƙi. Bara wani makaniki ya ƙwanƙwasa masa fulogai shida masu tsada, duk ya karya su. Ranar ya koma gida a ƙasa."

Musbahu ya gutsiri tamis.

Abdulghaffar ƙato ne baƙi, da farar jallabiya da silifa. Kakansa daga Haɗeja ya taso a ƙafa zuwa Hajji, bai koma ba. Shi kuwa a Hindawiyya aka haife shi, takardar ƙasa gare shi, Hausarsa duk ta sha Larabci.

"Ahlan, ya usta. Kai ne mai gyara? Zo ka gani musiba."

Dabbab uku ne, tsofaffi, kan kekunansu a gaban rumfa. A tudu suna tashi lafiya lau. Da an sa su a ruwa an matsa musu wuta, sai su kama tari, su shaƙe, su tsaya. Ga shi ranar Laraba, gobe da jibi hutu, Abhur za ta cika.

"Kafireta an wanke. Fetur an canza. Fulogi jadid, sau biyu, daga kwali. Duba." Ya shuri wani bokiti da ƙafa. Fulogai ne a ciki, sun kai goma sha biyu, ko wata guda ba su yi a inji ba.

Musbahu ya kwance fulogi ɗaya daga dabbab na farko, ya ɗaga shi a rana. Ya buɗe gwangwanin alawa. Maigidansa na Gusau ne ya ba shi gutsuren zarton nan ranar da ya yaye shi, ya ce masa: in ya shige bakin fulogi yana ɗan gogawa, daidai ne, in yana rawa, bakin ya yi faɗi. Ya zura. Zarton ya yi rawa har da juyi.

"Alhaji, bakin nan ya buɗe da yawa. A tudu wuta na iya tsallakawa. In inji ya ɗauki nauyi a ruwa, ba ta kai wa."

"La, la, la! Sabo ne. Masu kamfani sun auna. Kai ka fi injiniya?"

"Masu kamfani ba su san injin da za ka sa shi ba. Fulogin nan har mota yana shiga."

"Wallahi ba a taɓa sabo. Halas."

Lado ya kawar da kai yana kallon teku, kamar bai taɓa ganin Musbahu ba. Musbahu ya mayar da fulogin inda ya ciro shi, ya ɗaure. Ya tuna akwatunan bayan ƙofa. Sannan ya nuna bokitin.

"Waɗannan fa? Sababbi ne?"

"Zibala ce. Shara."

"To a ba ni shara."

Abdulghaffar ya ɗaga kafaɗa. Musbahu ya tsinci biyu, ya goge da burushi, ya wanke da fetur. Ya nemi guntun katako, ya kifa kan fulogin, ya ƙwanƙwasa a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai. Ya auna. Ya ƙara sau ɗaya. Zarton ya shige yana gogawa. Na biyu ma haka. Ya ɗaura su, aka tura dabbab cikin ruwa.

"Yalla, hau," in ji Abdulghaffar, yana naɗe jallabiya zuwa ƙugu.

"Ni? Ai ni gyara nake."

"A nan, mai gyara shi ne na baya. In ta mutu can tsakiya, tare muke iyo."

"Alhaji, ni mutumin Gusau ne. Ruwan da na sani na buta ne."

Lado ya zura masa rigar ceto ta lemu a kan kaftani, yana dariya har da hawaye. Musbahu ya damƙa masa iƙama da gwangwani. "In ban dawo ba, Kawu, zarton naka ne."

Suka fita a hankali. Da suka wuce igiyar iyaka, Abdulghaffar ya matsa wuta. Musbahu ya runtse ido, ya rungume ƙaton mutumin kamar buhun gero, yana sauraro. Nan ne wurin tarin. Injin ya ɗaga murya, ya ƙara ɗagawa, bai yi tari ba. Kan dabbab ya tashi sama. Ruwan gishiri ya mari fuskarsa. Hularsa ta tafi, har yau tana Bahar Maliya.

"La ilaha illallahu! Alhaji, ya isa!"

"Ya usta! Kana ji? Tana waƙa!"

Yana ji kuwa. Bai san lokacin da salatinsa ya koma ihu ba, ihun ya koma dariya. Sau uku suka zaga, na ukun shi ya roƙa.

Kafin azahar dabbab uku na yawo a ruwa, duk da fulogan bokiti. Abdulghaffar ya aika aka kawo shayi. Ya shiga rumfa ya fito da ƙaramin kwali.

"Na sabuwar dabbab ɗina ne, babbar. Buga musu su ma."

Musbahu ya ciro ɗaya. Tsinin cikinsa siriri ne kamar allura. Ya juya shi, ya duba lambar jikin kwalin, ya je ya duba ta jikin injin sabuwar dabbab ɗin. Ko gwangwani bai buɗe ba. Ya mayar.

"Wannan ba na bugu ba ne. Don injin nan aka yi shi, a aune ya zo. Ko zartona ba zan zura ba, tsinin zai karye."

"Ɗazu ka ce a taɓa."

"Ɗazu na ce a duba."

Abdulghaffar ya tsura masa ido. Sai ya fashe da dariya, ya doki cinyarsa. "Irin waɗannan na bara ya karya mini! Lado, ina ka ɓoye wannan tun tuni? Asabar da safe ka kawo shi maktab, ofishina. Da iƙama, da hoto huɗu. Da hula, in ya samu."

La'asar sakaliya Lado ya sauke shi a bakin lungu. Ya hau bene, kaftani ya bushe da farin gishiri, kai babu hula. Zubaidatu na durƙushe tana cusa zannuwa a akwati na ƙarshe. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Maigida, gyara ka je ko wanka?"

Musbahu ya ture buhun tukwane da ƙafa, ya mayar da ƙofa ya rufe.

"Kwance kayan nan," in ji shi. "Muna nan."