Hannun Dama na Baba

Karo na huɗu ke nan kwamfutar ta ƙi buɗewa. Auta ta dafe kai. Ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro: saura gwaji ɗaya, in ta sake kuskure sai gobe. Kundin bincikenta na kammala jami'a yana ciki, ƙarfe sha biyu ake rufe karɓa, sha ɗaya kuwa har ta gota.

"Mama, don Allah Baba bai taɓa gaya miki lambar sirrin ba?"

"Ni? Mutumin da ko makullin akwatinsa ban san inda yake ajiyewa ba?"

Kullum Baba ne yake buɗe mata. Shekara talatin ya yi yana buga takardu a ofis, da yatsu goma, ba ya ko duban madannai, kuma yana ji da na'urar nan kamar shi ya haife ta. Mako uku da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Tun ranar Auta ba ta yarda ta kashe kwamfutar ba, sai da safen nan aka ɗauke wuta.

Ta turo shi a keken marasa lafiya zuwa gaban tebur, ta ba shi biro. Ya yi ta zuba wa takarda ido, sannan ya girgiza kai, hawaye na bin kumatunsa. Ya manta. Tsoro ya rufe ta.

Sai ta ga hannunsa na hagu ya hau madannai da kansa, kowane yatsa ya sami mazauninsa. Ya dubi ɗaya hannun da ke yashe a cinyarsa.

"Ke, kar ki wahalar da shi," in ji Mama. "Likita ya ce hannun nan sai haƙuri."

Auta ta ɗaga hannun, ta jera yatsun a kan madannai, ta tallabe shi. Hagu ta buga haruffa uku ta tsaya. Shiru. Can ta ji ɗan yatsan tsakiya na dama ya yi wani ɗan motsi. Ta danna shi. Hagu ta ƙara biyu. Manuniyar hannun dama ta motsa, Auta ta danna.

Kwamfutar ta buɗe. Saura minti ashirin, ga kundin yana jiran ta.

Auta ko kallon kundin ba ta yi ba.

"Mama," ta ce, "zo ki riƙe hannun nan ki ji."