Saniyar Gwaggo Mas'uda

"Miƙo min daron can," Abdulsalami ya faɗa daga kan bencin da ya taka, bai ko waiwayo ba.

Munawwara ta yi kamar ba da ita ake ba. Tana durƙushe a bakin gadon Gwaggo Mas'uda, kofi a hannu ɗaya, cokali a ɗayan, tana ɗiga mata ruwa a leɓe. Iya Maijidda, tsohuwar da ake kira duk gidan da ciwo ya yi tsanani a unguwar, ita ce ta tura masa daron da ƙafa.

Ya sa hannu ya tsinke zaren farko daga jikin azara. Belbelun takarda suka zubo cikin daron, ko ƙara ba su yi ba. Ya tsinke na biyu, zalɓe da hawainiya suka bi su. Sai kunkuru, sai fara mai dogayen ƙafafu, sai kaza da 'yan tsakinta da aka jera a zare ɗaya. Rufin ɗakin da ya saba motsi duk lokacin da iska ta shigo ya fara zama wayam.

"Bi a hankali, Yaya Abdulsalami," Munawwara ta ce. "Tana ji fa."

"Don tana ji nake sauri," ya ce.

Tun hantsi Gwaggo take gargara. Numfashin ya ja kamar zai tsaya, a yi salati, sai ya dawo da wani gurnani mai tayar da tsikar jiki. Da azahar ta wuce abin bai sauya ba, Iya Maijidda ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin, ta ce, "Ni dai ba malama ba ce, amma na ji ana cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da surar mai rai. Ku dubi saman nan. Ai wannan daji ne guda." Abdulsalami, ɗan Gwaggo na fari, wanda ya sauka daga babur ɗin Rogo da safe ƙafarsa duk taɓo, fita kawai ya yi ya ɗauko benci.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan su Munawwara da na Gwaggo a Karaye, ita ma damina ta cinye mata gefe, ta nan suke ƙetarawa. Tun da aka kawo Munawwara amarya unguwar ta san tsohuwar da sayar da soyayyar gyaɗa a ƙunshin takarda. Takardar buhun siminti take amfani da ita, ta ɓare ta waje ta yar, ta ɓare ta ciki ta yar, ta ɗauki ta tsakiya mai tsabta ta sa ƙarƙashin katifa har ta miƙe. A wajen ƙunsa gyaɗar ne hannunta ya fara wasa. Wata rana ƙunshi ya fito da baki kamar na tsuntsu, sai ta ƙi warware shi. Daga nan abin ya kama ta. Ba wanda ya koya mata, kuma dokarta ɗaya ce: takarda guda, ba almakashi, ba gam. Munawwara ta taɓa nuna mata a waya yadda mutanen Japan suke irin wannan naɗin. Gwaggo ta kalla, ta kalla, ta mayar mata da wayar.

"Sun iya, wallahi sun iya. Amma ba su san tozo ba."

Tozon shi ne abin da ya sha mata kai shekara da shekaru. A ruga ta tashi, wajen Falgore, kuma saniya ɗaya ce ba ta fita daga bakinta, Wule, wadda aka ba ta lokacin aurenta, ciwo ya kashe ta a wata damina. Ita take son fitarwa daga takarda. In ƙahoni suka fito, tozo ya ƙi. In tozo ya tashi, sai takardar ta ƙare kafin a kai ƙafa ta huɗu. "Yau ma gurguwa na haifa," takan ce, ta yi dariya, ta ƙunsa gyaɗa a cikinta. Sai a wannan ciwon, tana jingine da bango, Wule ta fito cif: ƙafa huɗu, tozo, wutsiya. Guda ɗaya tak. Washegari yatsun suka daina yi mata biyayya, ko koya wa Munawwara ba ta samu yi ba. Abin da ta ce mata kawai shi ne, "'Yar nan, ko me za a yi, kar a sa min Wule a wuta."

Yanzu Wule tana cikin hijabin Munawwara, a saƙale a ƙugun zaninta. Lokacin da Abdulsalami ya fita ɗauko benci ta zare ta daga kan taga. Tana jin tsinin ƙahon yana sukar cikinta duk sanda ta sunkuya.

Abdulsalami ya sauko, ya ɗauki daron ya fita tsakar gida inda murhu ke ci. Ba a jima ba warin ƙonanniyar takarda ya shigo ɗakin. Hancin Gwaggo ya motsa. Idanunta suka buɗe kaɗan, suka hau sama, suka bi azara daga wannan bango zuwa wancan, suka dawo suka tsaya a kan Munawwara. Munawwara ta kawar da kai, ta hau juya cokali a kofin da ba komai a ciki sai ruwa.

Suka jira. A waje hadari yana haɗuwa ta gabas, ɗakin ya yi duhu-duhu tun la'asar ba ta yi ba. Iya Maijidda tana jan carbi, Abdulsalami ya zauna a ƙasa ya buɗe Alƙur'ani yana karanta Yasin a hankali. Numfashin ya ja, ya tsaya. Duk suka ɗago. Sai ya dawo, ya fi na ɗazu ƙarfi, har ƙirjin tsohuwar ya ɗaga daga katifa.

"Innalillahi," in ji Iya Maijidda. "Anya babu saura?"

Munawwara ta dafe ƙugunta. Abin da take tsoro ke nan tun ɗazu, ba Abdulsalami ba. In gaskiya ne fa? In wannan 'yar takardar da ke ƙugunta ce ta tsare ƙofa, Gwaggo take shan wannan wahala? Ita ba ta yi zurfi a karatun addini ba da za ta ce a'a. Amma kuma amana aka ba ta, da baki, ido cikin ido.

Abdulsalami ya rufe Alƙur'anin, ya miƙe, ya duba bayan ƙofa, ya ɗaga faifai, ya leƙa cikin kwanukan jere. Ya zo taga ya tsaya.

"Da na iso na ga saniya a nan."

Ya juya wajen Iya Maijidda.

"Iya, kin ɗauka?"

"Ni? Me zan yi da ita, nono zan tatsa?"

Ya juyo. "Munawwara."

Ta sunkuyar da kai.

"Munawwara, na san abin da kika yi wa Inna a ciwon nan. Abin da ni da na fito daga cikinta ban yi ba, kin yi. Allah ya saka miki. Amma ki ji tsoron Allah, ki dube ta. Uwata ce." Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe, ya yi gyaran murya don ya rufe.

Da faɗa ya yi mata, da ta iya yin shiru har gobe. Ta sa hannu cikin hijabi ta fito da ita.

Wule ta tsaya a tafin hannunta, jar takarda mai ruwan ƙasa, ba ta fi tsawon yatsa biyu a haɗe ba. Kanta a ɗan sunkuye kamar tana shinshinar ciyawa. Ƙahon dama ya miƙe sama, na hagu ya lanƙwaso ƙasa wajen ido. Munawwara ta daɗe tana zaton kuskuren hannu ne.

Abdulsalami ya miƙo hannu, sai hannun ya tsaya a hanya.

"Wule ce," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Har karyayyen ƙahon. A bakin rafi ta karya shi, ni nake bayanta ranar." Gwaggo ta sake jan wani numfashin mai gurnani, fuskarsa ta koma yadda take. "Ba ni."

A nan ne Munawwara ta ji an ja gefen hijabinta. Hannun Gwaggo ne, wanda tun jiya bai motsa ba. Leɓunanta suna motsi. Munawwara ta kai kunnenta.

"Warware."

"Na'am, Gwaggo?"

"Warware ta."

"Gwaggo, ban iya mayar da ita ba. Wallahi ban iya ba. Ba ki koya min ba."

Tsohuwar ta saki hijabin. Da ƙyar ta ɗaga yatsa ɗaya, ta kai shi ƙasan idonta, ta taɓa. Sannan ta mayar da hannun kan zanin gado, idonta a kan saniyar.

"Me take cewa?" Abdulsalami ya tambaya.

"Cewa ta yi in warware. In kalla da kyau." Munawwara ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba. "In ta koma takarda, ai babu sura ko, Yaya?"

Ya dubi Iya Maijidda. Iya ta taɓe baki, ta ɗaga kafaɗa.

"Yi sauri," ya ce.

Sauri kuwa shi ne abin da ba zai yiwu ba. Danshin damina ya sa takardar laushi, hannunta kuma gumi. Ta goge shi a zani. Ta tuna Gwaggo kullum da wutsiya take gama kowace dabba, don haka da wutsiya ta fara. Ta zare ta, ta ga ta inda aka lanƙwasa ta ciki. Ta buɗe ƙafafun baya, ɗaya, ɗaya, tana kallon kowane ninki kafin ta sake shi, tana maimaitawa a ranta: wannan a kan wannan, wannan ta ƙarƙashi. Ƙahoni suka kwanta. Kan ya baje ya zama kusurwa. Iska ta bugi ƙyauren taga, aka yi tsawa can nesa.

"Munawwara, lokaci," in ji Abdulsalami.

Saura tozo. Ta kama shi ta ja, bai zo ba. Ta sake ja, sai ta ji ƙyat, takardar ta ɗan tsage a gefe. Ta daskare. In ta ƙara ja ta yage, Wule ta tafi ke nan, da wuta da babu wuta. Hawaye ya cika mata ido har ninkin ya ɓace mata.

"Dubi hannunta," Iya Maijidda ta ce a hankali.

A kan zanin gado, Gwaggo ta dunƙule yatsunta huɗu kamar kwano a kife. Babban yatsan ya shiga ta ƙasa yana turawa sama. Ya tura, ya huta, ya sake turawa.

Ba ja ake yi ba. Munawwara ta juya saniyar, ta zura ɗan yatsanta ta cikin cikinta, ta tura. Tozon ya buɗe kamar fure, wasu ninkuna da suke ɓoye a ciki suka bayyana, suna riƙe da juna. Ashe nan ne. Abin da tsohuwar ta yi shekaru tana nema ke nan, ga shi a kan yatsanta. Ta kalle shi har sai da ta tabbata ya zauna mata, sannan ta sake shi.

Ta shimfiɗa takardar a gwiwarta ta shafe ta da tafin hannu. Murabba'i ce kawai, cike da kari, layi a kan layi kamar kunyoyin gona. Ta miƙa wa Abdulsalami da hannu biyu. Ya karɓa, ya juya gaba, ya juya baya, ya ɗaga ta wajen hasken taga.

"To ai wannan takardar gyaɗa ce," in ji Iya Maijidda.

Ya mayar wa Munawwara da ita. Ya durƙusa a wajen kan mahaifiyarsa, ya kai bakinsa kusa da kunnenta yana laƙƙana mata kalmar shahada. Gwaggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, don ɗan fari ne, ko dubansa ba ta cika yi a gaban mutane ba. Yanzu shi take kallo. Leɓunanta suna bin nasa.

Ruwa ya sauko a kan kwanon zaure da ƙarfi, har ba a jin numfashin. Ya daɗe yana zuba. Da ya tsagaita, suka kasa kunne, ba su ji komai ba. Iya Maijidda ta miƙa hannu ta shafe wa Gwaggo idanu.

Bayan sadakar uku, Abdulsalami ya ɗaure kayansa a babur zai koma Rogo. Ya tsaya a wajen da katanga ta zube ya yi sallama. Munawwara ta fito, suka gaisa, ta ƙara yi masa gaisuwar rashi. Sai ya tambaye ta.

"Takardar nan tana nan?"

Ta shiga ta ɗauko.

"Ƙahon hagun," ya ce, "wane layi ne?"

Ta nemo shi a kusurwa, wani gajeren kari da ya karkace ya bar 'yan uwansa. Ya ɗora yatsa a kai, ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Sannan ya ce a gaida maigidan, ya juya.

Ta koma ɗaki ta ajiye takardar a kan tabarma, ta je sauke tukunya. Da ta dawo, iska mai danshi tana shigowa ta taga. Takardar ba ta kwanta yadda ta bar ta ba. Gefunan sun ɗan tattaro, tsakiyarta kuma, daidai wajen tozon, ta ɗago kaɗan daga tabarma.