Gaisuwar Alhaji Magaji na Gangara

A shekarar riƙon ƙwarya, sojoji na shirin miƙa mulki, wata ƙungiya mai horar da masu sa ido kan zaɓe ta buɗe buro, wato ofis, a Gazawa. Ordinatar, wato kwamfuta, ɗaya gare su, Ɗahiru ke kula da ita. Darekta ya ce duk wanda ya bari lambar sirrinta ta fita, a bakin aikinsa. Ɗahiru kuwa mutum ne mai ji da iliminsa, sai ya ce zai gwada ma'aikata ta hanyar wasan da ba su san wasa ne ba.

Ya ƙirƙiro wani Alhaji Magaji na Gangara, dattijon da sunansa ya faɗi daga jerin masu sa ido. Kullum sai a tsinci wasiƙarsa: yau ƙarƙashin buta, gobe cikin buhun gujiya, yana roƙon a aiko masa lambar ya gyara da kansa. Zulai sakatariya ba ta ba shi ba, amma ta aika masa da yaji. Direba Rashidu ya rantse ya taɓa ɗaukarsa a mota.

Wata guda babu wanda ya faɗa tarko. Haushi ya kama Ɗahiru, ya rubuta wasiƙar ƙarshe: Alhaji ya rasu.

Abin da ya manta, a nan ba a jin mutuwa a zauna. Washegari buro kaf ya cika mota sai Gangara, har da darekta; ma'aikaciya ɗaya, Mairo, kaɗai aka bari tsaron wuri. Mutanen gari ba su san mamacin ba, amma wa zai kori masu gaisuwa? Aka shimfiɗa tabarmi. Wani tsoho ya ce tare aka yi musu kaciya. Da aka nemi dangi aka rasa, sai aka zaunar da Ɗahiru a tsakiya, tunda shi ya fi kowa sanin halin marigayin.

Mutum arba'in suka ce masa ya haƙuri. Wajen na talatin, wallahi hawaye yake yi na gaske, don ya tuna irin wahalar da ya ɗora wa bawan Allahn nan.

Zulai ta matso tana share ido. "Ɗahiru, burin shi guda ne, a sa sunan shi. Mun hana shi da rai, mu cika mashi yanzu. Ga Mairo a waya tana gaban ordinatar, ni kaina ya ɗaure. Mi ce lambar ma?"

Ɗahiru ya karɓi wayar. Layi ba kyau, sai da ya faɗe ta sau uku da ƙarfi. Tsohon nan ma ya taya shi maimaitawa.

Darekta ya shafa fatiha, ya dafa kafaɗarsa. "Allah shi jiƙan shi. In an yi sadakar ukku, ka kawo mani makullin buro."