Ƙarnin Kifi a Rim ɗin Wakili

Wakili malamin gona ne a Yelwa, kuma duk unguwarsu an san yadda yake ji da motarsa, musamman rim ɗin tayoyinta masu sheƙi da mutum kan iya gyara hularsa a cikinsu. Da aka tura shi kwas Zariya farkon damina, sai ya bar makulli ɗaya hannun Hamza, ƙanen matarsa Hauwa, don ya riƙa ɗumama injin kawai.

Ya dawo bayan an yanke shinkafa, ya tarar da mota a wanke, an turara cikinta da turaren wuta har yana hawa kai. Amma rim ɗin baya duka biyu sun yi ƙuraje. Tsatsa ta ɓullo ja-ja, farin ƙarfen ya kumbura yana saɓulewa kamar fatar da ta ƙone.

Ranar Asabar ya sayo sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge tsatsa, da soson ƙarfe da lemun tsami, ya ɗaga motar da jak a ƙofar gida, ya kwance ƙafar baya ta hagu. Da ya kifa ta, sai ya ga bayanta ya daskare da baƙar laka. Ya kankara da wuƙa. Lakar ta ɓalle, ɓawon kifi ya zubo, wani ƙarni ya taso ya shige masa maƙogwaro.

Ya tashi ya buɗe but ɗin motar, ya ɗage shimfiɗar ƙasa, ya ciro safayar taya. A ramin da take zama ruwa ne kwance, kore-kore mai yauƙi, da kan tarwaɗa yana iyo, tsutsotsi na shiga suna fita ta idanunsa. Wakili ya juya ya tofar da yawu, ya sake tofarwa, bakinsa bai daina taruwa ba.

Hauwa ta leƙo daga zaure, ta toshe hanci da mayafi. "Malam, mushe ne?"

"Kira min ƙanenki."

Hamza ya iso a kan babur da fara'arsa, riƙe da ƙunshin kifin banda. "Yaya, sannu da dawowa. Ga tsaraba daga bakin ruwan Wara."

Wakili bai karɓa ba. Ya nuna masa but.

"Au, wanga?" Hamza ya leƙa, ko hanci bai yamutsa ba. "Ai ba a barin mota zaune, Yaya, lalacewa take. Lodin kifi kaɗan na riƙa ɗaukowa daga bakin ruwa, da ƙanƙara da gishiri. Wurin akwai laka, dole in shiga da baya har gindin kwalekwale."

Sai ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin ruwan, ya tsamo kan tarwaɗar ya jefa kwata. Ya goge yatsunsa a wando, ya kwance ƙunshin, ya ɓantaro tsoka ya miƙo. "Ɗanɗana ka ji. Giwan ruwa ne."

Wakili ya dubi yatsun. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babu ɗigon kunya a fuskar mutumin.

"Ajiye min makullina, ka tafi da kifinka."

Hamza ya dubi yayarsa. Hauwa ta ce, "Ka ji abin da ya ce," ta koma ciki.

Shi kaɗai ya yi aikin. Ya kwashe ruwan da gwangwani yana kau da kai, ya wanke ramin da omo da kananzir. Lemun tsami bai yi wa tsatsar komai ba, gishiri ya riga ya ci ƙarfen. Duk inda sanfefa ta bi, farin ya ɓare siri-siri yana yankar masa yatsu, ƙarƙashinsa ramuka kamar fuskar mai zanzana. Ƙudaje suka yi ta sauka masa a leɓe. Ya goge rim ɗin har sheƙin ya tafi gaba ɗaya, ya fesa musu fenti ruwan toka, har da na gaba da ba su yi laifin komai ba, don su zo ɗaya.

Ranar Litinin ya fita aiki, gilasai duk a sauke. A hanya ya rage wa Ruth, akawun ofishinsu, hanya. Ta zauna, ta gaishe shi. Kafin su kai kwanar kasuwa ta ciro hankici ta toshe hanci, ta ce ta tuna da wani saƙo, a nan za ta sauka. Wakili ya tsaya mata, bai tambaye ta wane saƙo ne ba.